Kayan Aro a Ɗakin Mai Guga

Ranar da Goggo ta tare a gidan hayar, ba ta daɗe da fita takabar mijinta ba. Mai motar kaya ya zube mata kayanta a tsakar gida ya yi gaba, mai gidan kuma bai aiko da makullin ɗaki ba tukuna. Kayan ba su da yawa, kuma ba na nunawa ba ne: katifa da audugarta ke leƙowa ta gefe, tukwane da suka lotsa, akwatin ƙarfe da aka ɗaure da igiya, da buta mai faci. Matan gidan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta zo ɗibar ruwa a famfo, waccan ta zo kwashe shanyar da ba ta bushe ba, kowacce idonta a kan katifar. Goggo ta zauna a kan akwatin ta sunkuyar da kai tana jan carbi, tana ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa.

Sai ga wani siririn mutum ya shigo daga rumfar ƙofar gida da babban zanin gado a kafaɗa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, wadda ko ɗigon gajimare babu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baiwar Allah, hadari nake gani. Bari a rufe kayan nan kada su jiƙe." Ya baza zanin a kan katifa da tukwane, ya cusa gefunansa ta ƙasa, ya koma aikinsa ba tare da ya dubi fuskarta ba. Ba a yi ruwa ba ranar, ba a yi ba a makon gaba ɗaya.

Wannan shi ne Mai Guga, Allah Ya jiƙansa. Ɗakinsa da na Goggo bango ɗaya ne ya raba su, kuma ta bangon nan ta san shi fiye da yadda ya so a san shi.

Tun yana saurayi ya koyi guga a wani babban otal. Da otal ɗin ya sayi injuna aka sallame su, sai ya kafa tebur a rumfar ƙofar gidan, da dutsen guga na gawayi da kwanon yayyafi, bai sake neman aiki wajen kowa ba. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna ne, tsoho a kan tsoho. Yana gwada zafin dutse da kusantar da shi kumatunsa. Kafin ya taɓa riga sai ya lalube aljihunta, abin da ya samu kuma ya mayar wa mai shi a naɗe cikin takarda, ba ya cewa ga abin da na gani. Idan wuyan riga ya fara cinyewa, ya san yadda zai karya gugar ta ɓoye wurin. Ma'aikata da yawa a unguwar sun je ofis da riga ɗaya shekara da shekaru, ana zaton suna da akwati cike, saboda hannunsa.

Amsarsa ɗaya ce ga kowace gaisuwa: "Alhamdulillahi, asiri a rufe." Tela, mai ɗakin farko, wanda ba ya ganinsa bai tsokane shi ba, yakan ce, "Wannan ko gobara ce ta cinye ɗakinsa ka tambaye shi ya gida, cewa zai yi asiri a rufe, sai dai ɗan zafi-zafi." Mai Guga sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗinka naka a karkace, ni ne dai zan miƙe shi."

Amma Goggo tana jin ranar da aka ɗora tukunya a ɗakin da ranar da ba a ɗora ba. Ta lura cewa ranar da ba a ɗora ba, ranar ce yake fitowa da tsinken sakace a baki, yana shafa ciki. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Takan kai wa matarsa kwano ta ce gishiri ya yi mata yawa, a ɗanɗana a gaya mata gaskiya.

'Ya'yan da suka haifa duk sun koma, sai mace ɗaya. Shi yana kiranta Uwata. Mutanen gidan kuwa tun tana ƙarama suke ce mata Farfesa, saboda ba ta ganin rubutu ta wuce, ko a jikin gwangwanin madara ne. Da wasa da wasa Farfesa ta shiga jami'a. Wata ƙungiya ce take biya mata kuɗin makaranta, bisa sharaɗin kada ta shiga sabuwar shekara da darasin da ba ta ci ba. Rigunanta ba su kai a ƙirga ba, amma kullum da safe, kafin ya taɓa kayan kowa, nata yake fara gogewa. Takan ce, "Baba, ka bari, a cikin mota za ta yamutse." Shi kuma ya ce, "Ta yamutse a hannun duniya, ba a hannuna ba."

Ana shirin jarrabawar shekararta ta uku uwarta ta kwanta. Asibiti ba a barin mara lafiya shi kaɗai, Mai Guga kuma idan ya bar tebur babu magani babu abinci. Farfesa ce ta zama mai jinya. Goggo takan je ta karɓe ta da rana, amma da ciwon ya yi tsanani uwar ba ta yarda kowa ya juya ta sai 'yarta. Jarrabawa biyu suka wuce Farfesa tana zaune a bakin gado. Uwar ta rasu kafin a rufe makaranta.

Bayan an share makoki, Farfesa ta zo ɗakin Goggo ta zauna a tabarma ta yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda ta saba, don ta san Goggo karatunta bai yi nisa ba amma ba ta son a tsallake mata komai. Akwai karatun dogon hutu, lokacin da sauran ɗalibai suka tafi gida. Idan ta shiga ta ci darussan nan biyu, ƙungiya za ta ci gaba da biya mata. Idan ba ta shiga ba, an cire sunanta ke nan, kuma kuɗin shekara guda ko Baba ya goge kayan garin nan kakaf ba zai haɗa shi ba. Shi karatun hutun kuɗinsa daban, ƙungiya ba ruwanta da shi. Sai dai jami'a tana da tallafi na musamman ga marasa ƙarfi, kuma shi za ta nema.

"To ki nema mana," in ji Goggo. "Idan ba a ba ki ba, wa za a ba?"

Ta nema. Ta yi ta zirga-zirga zuwa shagon kwamfuta, yau a ce na'ura ba ta buɗewa, gobe a ce hoton ya yi girma, jibi a ce a kawo takardar shaidar rasuwa mai hatimi. Takardar mutuwar uwarta sai da aka yi mata hoto a injin kwafi ya fi a ƙirga, har gefenta ya fara yagewa. Mai Guga ya karɓa ya sa mata ƙyalle a kai ya bi ta da dutse mai ɗumi ta miƙe. Daga ƙarshe Farfesa ta dawo wata yamma da fuska a sake ta ce an karɓi komai, saura abu ɗaya: gobe za a turo mutum daga ofishin tallafi ya ga inda suke zaune.

Abin da ta faɗa ke nan. Abin da Mai Guga ya ji shi ne: gobe zai yi baƙo daga jami'a.

Layinsu ba shi da suna, gidan ba shi da lamba, don haka da hantsi Farfesa ta tafi ta taho da mutumin. Tana fita Mai Guga ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana kallon ciki kamar yau ya fara ganinsa. Katifa ɗaya, tabarma ɗaya, buhun da ya raba wurin kwanan 'yarsa da nasa, bokiti a inda kwano ke yoyo, da tsagar bango da ruwa ya zana wa baƙin layi tun daga sama har ƙasa.

Matar Direba ce ta fara magana. Ita ce mai babbar murya a gidan, kuma zuciyarta ba ta da mugunta, bakinta ne dai ba shi da birki. Ta leƙa ta kafaɗarsa ta riƙe haɓa.

"Mai Guga, a wannan akurkin za ka sauke mutumin jami'a? Ya koma ya ce Farfesarmu a kan buhu take kwana? Wallahi ba da mu ba. Yarinyar da take zama da 'ya'yan manya, ka sa a riƙa nuna ta da baki?"

"Ni ma abin da nake tunani ke nan," in ji shi a hankali. "Ni ko a ina aka gan ni babu komai. Ita ce ba na so a raina."

Kafin ka ce me, gidan ya tashi. Kujerun kushin na Matar Direba suka fito. Wata ta kawo kafet, wani ya kawo fanka mai tsayuwa. Talabijin ɗin Tela ya hau kan akwatin Goggo, aka lulluɓe akwatin da ƙyalle mai fure. Aka ce ɗaki babu firji ba ɗaki ba ne, sai maza suka cicciɓo na Matar Direba, wanda ya mutu tun kafin ta haifi autarta, take ajiye tukwane a ciki. Suna tafe tukwanen suna ƙara. Tela yana gaba yana cewa, "A hankali, kada ku farkar da gawa."

Goggo ta buɗe ƙasan kayanta ta fito da labulen aurenta, mai kauri, launin zuma, wanda ba ta taɓa ratayawa ba tun da ta zo gidan. Shi aka saka a kan tsagar bango. Ya rufe ta ruf, kamar don ita aka yanka shi. Mai Guga ya dube shi ya dube ta ya ce, "Allah Ya rufa miki asiri, Yaya." Ta ji daɗi har cikin ranta, don ta daɗe tana neman ranar da za ta rama zanin gadon nan.

Saura tufafi. Kayan mutane na rataye a rumfa, manya-manya, amma ko da wasa bai taɓa saka rigar da aka ba shi amana ba. Tela ya ciro wadda yake ratayawa a ƙofar shago don jan masu ɗinki, ya jefa masa. "Saka, ango. Ka dai bi a hankali, ba a saba ganinka a mutum ba." Sai kazar da marigayiya ta bari, guda ɗaya tilo, wadda ke yi musu ƙwai. Aka yanka ta aka dafa da shinkafa, aka sayo lemon kwalba mai sanyi.

Goggo tana bakin famfo lokacin da suka shigo. Farfesa ce a gaba, bayanta wani mutum mai tabarau, da jaka a kafaɗa da gumi a goshi, da ganinsa ya gaji da shiga gidaje. Farfesa ta ɗaga labulen ƙofa, sai ta tsaya cak, hannunta a sama. Goggo ta taɓa ganin irin wannan fuskar sau ɗaya, a asibiti, lokacin da likita ya fito ya cire safar hannu bai ce komai ba.

"Baba," in ji ta.

"Uwata, ba wa baƙo hanya mana. Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Bismillah, ga kujera."

Mai Tabarau mutum ne mai ladabi. Ya cire takalmi don kada ya ɓata kafet. Ya yi ta'aziyya. Sannan ya nemi izini ya fito da waya ya fara ɗaukar hoto: kujeru, talabijin, fanka, labule, firji. Matar Direba ta zo ta jingina da ƙofar firjin tana gaishe shi, don kada tsautsayi ya sa ya buɗe. Mutanen gida suka taru a bakin ƙofa suna kallo, kowa yana alfahari da nasa kayan idan waya ta juyo kansa.

"Baba, sana'arka guga ce?"

"Ita ce, alhamdulillahi."

"Kasuwa tana tafiya?"

"Alhamdulillahi, asiri a rufe."

"Akwai ranar da abinci yake gagara a gidan nan?"

Mai Guga ya yi 'yar dariya, ya dubi jama'ar da ke bakin ƙofa. "Haba, ranka ya daɗe. Allah bai taɓa barin mu ba."

Farfesa ta matso. "Malam, don Allah, kayan nan ba..."

"Uwata." Bai ɗaga murya ba. "Baƙo bai sha ruwa ba."

Ta dube shi, ya dube ta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa musa masa magana a gaban baƙo ba, ga kuma gida kaf a tsaye, ga shi cikin rigar aro yana murmushi. Idan ta ƙarasa maganar, ta tuɓe shi ke nan a gaban kowa. Ta juya ta ɗauko faranti.

Mai Tabarau ya ce ya ƙoshi, aka matsa masa, ya ci cinya ɗaya ya sha lemo ya yaba hannun mai girki. Da zai tafi ya ce wa Mai Guga, "Baba, ka yi ƙoƙari. Gidaje nawa na shiga yau, ban ga inda aka kula da yarinya kamar nan ba." Mai Guga ya raka shi har bakin titi, ya dawo yana tafiya kamar an cire masa ƙaya.

"Mun fita kunya!" in ji Matar Direba, tana tafa hannu. Tela ya ce a cire masa rigarsa kafin ta saba da jikin talaka. Ana ta dariya ana kwasar kaya, tukwane suna ƙara a cikin firji. Farfesa ta ratsa ta tsakiyarsu ta shige ɗakin Goggo, ta kwanta a tabarma ta juya fuska bango.

Goggo ta zauna kusa da ita ta dafa ta. "Ke kuwa lafiya? Ai komai ya tafi daidai."

"Goggo," in ji ta, ba ta juyo ba, "talauci aka turo shi ya gani."

A iya rayuwar Goggo, duk wanda ta sani ɓoye babu yake yi. Ana koya wa yaro tun yana ƙarami kada ya kalli kwanon maƙwabta, kada ya ce bai ci ba. Ba ta taɓa jin cewa akwai wurin da sai ka baje rashinka a faranti an ɗauki hotonsa kafin a taimake ka ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu. Farfesa kuma ba ta yi zaton akwai buƙatar faɗa ba.

Amsa ta zo ta waya, gajeriya: bayan bincike, ba ta cikin masu tsananin buƙata.

Aka ce ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai uba ya je da kansa. Farfesa ta durƙusa a gabansa a rumfa, abin da Goggo ba ta taɓa gani ba. "Baba, kalma ɗaya za ka faɗa. Ka ce ba ka da shi. Ka ce kayan na aro ne. Ba ƙarya za ka yi ba, gaskiya ce." Ya ce zai faɗa. Ya kwana yana maimaitawa, Goggo tana jin ƙus-ƙus ɗinsa ta bango bayan sallar asuba. Da safe ya saka tsohuwar rigarsa. Amma kafin ya saka, sai da ya goge ta. Hannunsa ne ya yi, ba shi ba.

Abin da ya faru a can, daga bakin Farfesa Goggo ta ji. Ofishin ɗaki ne dogo, da benci cike da iyaye, kuma ba a keɓe kowa, abin da ka faɗa kowa na ji. Wanda ke gabansu a layi Farfesa ta san ɗansa, ta kuma ga inda ya ajiye motarsa a bayan katanga ya ƙaraso da ƙafa, cikin riga mai yagaggen aljihu. Ya yi kuka da hawaye, ya rantse yara sun kwana biyu ba su ci ba. Matar da ke kan tebur ta ba shi ƙyallen share ido. Da aka zo kan Mai Guga, ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ga ɗakinsa a ciki, fes, da labule launin zuma.

"Wannan ɗakinka ne?"

"Nawa ne."

"'Yarka ta ce kayan ba naka ba ne."

"Na 'yan uwa ne. Maƙwabta. Ai duk ɗaya muke."

"Baba, ka taimake ni in taimake ka. Kana iya ciyar da gidanka ko ba ka iyawa?"

Ya buɗe baki ya rufe. Ya waiwayi bencin, idanu duk a kansa, har da wani da yake kawo masa guga. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi, 'yata. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba."

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce hoton ya riga ya shiga na'ura, maganarsa kuma ta yi daidai da hoton, ita ba ta da abin yi. Ta kira na gaba.

Suka kamo hanya suka dawo. Sai a ƙofar gida, daidai teburinsa, Farfesa ta ce, "Baba, kunyarka ta fi ni daraja a wurinka." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake faɗa ba har ya bar duniya. Shi kuwa ya tsaya riƙe da gefen teburin. Ranar ce kaɗai Goggo ta ji ƙaurin ƙonewar tufa daga rumfar.

Mutanen gida suka yi ƙoƙarin haɗa abin da za su iya, amma kafin ya kai ko'ina an rufe rajista. Dogon hutu ya wuce Farfesa tana gida. Da aka koma, ƙungiya ta cire sunanta, kamar yadda ta faɗa tun farko. Matar Direba ta daina ɗaga murya a tsakar gida na wani lokaci, sannan ta koma tana cewa laifin jami'a ne da ba ta san mutunci ba. Tela bai sake ce wa Mai Guga ango ba. Ba wanda ya sake kiran yarinyar Farfesa a gabanta, ba su kuma saba da wani sunan ba, sai aka koma ce mata "ke".

Ta samu aiki a shagon kwamfutar da ta yi ta zirga-zirga, daura da ƙofar jami'ar. Yanzu ita ke cika wa ɗalibai neman tallafi. Ta iya shi fiye da kowa, har layi ake yi mata. Goggo ta taɓa kai mata saƙo ta ji tana gaya wa wata yarinya, idonta a kan na'ura, "Ranar da za su zo, kada a share ɗaki. Kada a dafa komai. Idan babanki mai kunya ne, ki aike shi unguwa." Yarinyar ta yi dariya, ta zaci wasa ne.

Ba ta yi gaba da ubanta ba. Tana gaishe shi, tana kawo cefane, tana saya masa maganin tarin da hayaƙin gawayi ya sa masa. Rigunanta ne kawai ta daina ba shi. Takan fita da su yadda suka bushe a igiya, shi kuma ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Daga nan ya canja. Ko allura bai sake ara ba. Ya cire labulen ƙofarsa, duk mai wucewa yana ganin katifa da bokiti da tsagar bango. Ya daina goge tasa rigar. Mutumin da ya miƙe kayan unguwa guda ya koma yawo a yamutse, har masu kawo guga suka fara tambayar ko lafiya. Wani ya gaya masa wai duk shekara ana sake zagayawa gidaje, sai ya ɗauka cewa Mai Tabarau zai dawo. 'Yarsa ta ce masa, "Baba, wanda aka cire ba a zuwa gidansa." Ya ce, "Ba a sani ba, Uwata. Mutumin kirki ne, ya ci abincinmu." Idan dogon hutu ya matso, ba ya nisa da rumfa. Duk mai tabarau da ya shigo layin sai ya ajiye dutse ya miƙe.

Tsinken sakace dai bai bari ba, kuma idan aka ce ya gida, amsar tana nan yadda take. Wannan ya fi ƙarfinsa.

Goggo ta mayar da labulen aurenta ƙasan akwati. Takan yi masa addu'a a sujada, ta yi wa yarinyar, wani lokaci har da Mai Tabarau, don ita ba ta ga inda ya yi ƙarya ba. Abin da aka nuna masa ya gani. Amma akwai abin da ya tsaya mata a wuya, ta kasa haɗiyewa har yau: wanda ya yi kukan ƙarya ɗansa ya gama ya fita, wanda ya gode wa Allah kuma 'yarsa tana buga wa wasu takarda.

Tarin ya ci ƙarfin Mai Guga a farkon wani dogon hutun. Direba ya kawo mota za a kai shi asibitin da marigayiya ta kwanta, kuma daga can bai dawo ba. An riƙo shi za a fita, sai ya ce a dakata. Ya dafa bango ya tako har ƙofar Goggo, ya miƙa mata makullin ɗakinsa, da hannun nan mai tabo. Ya rage murya don kada 'yarsa ta ji.

"Yaya, lokacin zuwansu ne. Idan mutumin nan ya zo ba na nan, ki buɗe masa. Kada ki share, kada ki bari a kawo ko kujera. Ki nuna masa bangon. Idan ya tambaya, ki ce masa ba ni da shi, ban taɓa samu ba. Ni na gwada, bakina ya ƙi. Ke ki faɗa masa, don Allah."